Kwalbar da Ba Tasa Ba

"Kawo in karɓa, Inna."

Farida ta miƙo hannu biyu ta tagar labo, ɗakin awo na asibiti, ta ɗan rusuna, fuskarta ɗauke da murmushi.

Tsohuwar ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo 'yar kwalbar roba ƙulle cikin baƙar leda, ta ajiye a dakalin taga, ta tura ta da yatsa ɗaya kamar mai tura garwashi.

"Ina kwana, Inna? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya samu barci? Ya ɗan ci wani abu?"

"Ke likita ce ko mai awo?"



"Mai awo ce, Inna."

"To yi awonki." Tsohuwar ta gyara lulluɓi, amma ba ta gusa ba. "In kin gama, sauran fa? Ina ki ka kai shi?"

"Zubarwa muke yi, a ƙone kwalbar."

"Gaban wa?"

"Inna..."

"Tambaya na yi."

A bayan tsohuwar wata doguwar budurwa ta rufe baki da gefen gyale, ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji:

"Gwaggo, ai na gaya miki. Mu tahi."

Suka juya. Farida ta bi su da ido har suka fita ƙofar asibiti, hannayenta biyu na nan a miƙe, babu komai a cikinsu.

Ina zaune a benci bayansu, tawa kwalbar a aljihu, duk a kunnena aka yi. Ni ne Attahiru na Bambeye. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kokowa, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba. Yunwar da ta share shanun Adar ta zo ta wuce ta bar ni tsaye. Mota ta kife da mu a hanyar Abijan, na fito ina kakkaɓe riga ina tambayar ina hulata. Ban zauna lakwal, makarantar boko, ko na wuni ɗaya ba, amma abin da idona ya gani babu mai takardar da zai gyara mani shi. Ku matso, 'yan mata, don ku nake ba da wanga labari.

A bazarar nan ne wasu baƙin likitocin zuciya suka sauka Tawa da na'urorinsu, suka yi sati biyu a wani asibiti. Aikinsu gyaran ƙyauren zuciya. Ashe zuciya ma ɗakuna gare ta, kowane da ƙyaurensa, in ƙyaure ya cije jini ba ya wucewa, mutum ya yi ta haki kamar wanda ya hau tudu da buhu. Ba sa tsaga ƙirji. Ta jijiyar cinya suke zura wani siririn tiyo har zuciya, su buɗe ƙyauren. Mu goma sha huɗu aka yi wa. Ni ne babba a ciki, kuma ni kaɗai ne ban ko yamutsa fuska ba.

Sai dai aikin yana da wutsiya. Ruwan da suke ɗura wa mutum a jini don su ga hanya, da wahalar da jiki ke sha, wani lokaci ƙoda suke bugu. Ita kuwa ƙoda haƙuri gare ta har ya yi yawa. In ta ji ciwo jini ba ya nunawa sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin ɓarna ta yi nisa. Amma tun ranar farko tana sakin wani abu a fitsari, kamar yadda tururuwa ke kwashe ƙwanta tun hadari bai haɗu ba. Baƙin nan suka bar wata 'yar na'ura mai gane abin, suka koya wa Farida aiki da ita. Gadaje sun yi kaɗan, don haka kwana ɗaya ake sallamar mutum, da sharaɗi guda: kwana uku a jere, fitsarin safe ya iso tagar Farida.

Kwalbar da tsohuwar ta ajiye ta ɗanta ce, Mushe Mansur, haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu, mutumin garin Barmu. Tun yana yaro yake fama da ciwon. Shekara biyu ya yi yana zuwa labo ana ɗibar jininsa, ga shi da tsoron allura kamar ɗan yaye. Duk ranar da Farida ta ɗaure masa hannu sai ya runtse ido ya kama ba ta labarin ɗalibansa don kada ya suma. A nan ta fara dariya, a nan kuma ta kamu. Ubanta, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, magana ɗaya ya yi wa Mansur: ka warke, ka turo magabatanka.

Ita kuwa Inna Raƙiya shida ta haifa, ta binne biyar. Mansur kaɗai Allah ya bar mata. Ta riga ta zaɓa masa Zahara, ɗiyar ƙanenta wanda suka sauka gidansa a Tawa, ita ce doguwar budurwar nan mai gyale. Da Mansur ya ce shi Farida yake so, uwar ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube shi ta ce yaron da bai taɓa musa mata ba, ba haka kawai ya fara ba.

Farida ta ɗiga fitsarin a na'ura. Minti goma sha biyar take ɗauka kafin ta yi magana. A minti goma sha biyar ɗin nan ta goge teburi sau biyu, ta gyara ɗankwali sau uku, ta yi salati ban san adadi ba.

Na'ura ta yi ƙara.

Ta leƙa da ido ɗaya.

Sai ta jingina goshi da bango.

"Alhamdulillahi... fari tas."

Ta ɗauki takarda ta rubuta sunan Mansur a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai zanen lalle. Sannan ta karɓi tawa. Da na'ura ta sake ƙara, murmushinta ya ɗauke.

"Baba Attahiru, yau ba za ka koma gida ba."

"Ni? Ɗiyata, jiya malmala uku na ci."

"Ƙodarka ta fara kuka, Baba."

"Ƙodata ba ta san kuka ba. Na'urarku ce ba ta san maza ba."

Duk da haka suka kwantar da ni, suka rataya mani ƙarin ruwa, suka canza mani magani. Bayan kwana biyu jini ya zo ya gaskata na'ura. Da ba ta tona asirin da wuri ba, da yanzu wani ke ba ku labarin nan, kuma ba zai iya kamar ni ba.

Da hantsi Farida ta zaga bayan labo, inuwar iccen bedi, ta kira Mansur a salula.

"Hasken idona," ya ce.

"Mushe, ka ci jarrabawa."

"Nawa na samu?"

"Ashirin bisa ashirin."

Ya yi dariya, dariyar ta fito har ƙarshenta ba tare da tari ya katse ta ba.

"Saurara ki ji." Ya ja numfashi mai tsawo ya sauke. "Kin ji? Tun ina ɗan shekara tara iska ba ta kai mani ƙasa haka ba. Yau daga ɗaki har ƙofar gida na taka, ban tsaya ba."

"Kada ka yi garaje."

"Alkawarin tudu fa?"

Akwai wani tudun rairayi yamma da gari inda samari da 'yan mata ke hawa shan iska. Mansur bai taɓa kai rabinsa ba. Ya yi mata alkawari satin farko na aurensu zai riƙe hannunta su hau har ƙoli, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

"Yana nan," ta ce. "Kana shan ruwa yadda aka ce? Kana... kana zagayawa sosai?"

Ya yi gyaran murya.

"Farida, don Allah."

"Aikina ne fa."

"Aikinki ne ga Baba Attahiru. Ni neman aurenki nake yi. Tun da aka ce ke za ki riƙa karɓar abin nan, ko a mafarki ban iya haɗa ido da ke."

Ita ma kunyar ta kama ta. Ta rufe fuska da tafin hannu kamar yana ganinta.

"To na bari, masoyina. Kwalba za ta gaya mani."

Rana ta biyu kwalba ta zo a cike, aka tura ta da yatsa. Fari tas. Ta sake tambayarsa a salula, ya sake kaucewa da wasa, ya ce wace irin amarya ce wannan da ba ta tambayar launin atamfa.

Rana ta uku ma haka. Amma ranar Inna Raƙiya ta tsaya.

"Uku sun cika. Yau zan kai shi gida. Zafin birni ya hana shi cin abinci."

Likitan da baƙin suka bar wa amanar majinyata ya leƙo labo, hannunsa cike da takardu, mutane na jiransa a ƙofa.

"Na Mushe Mansur, duka ukun fari?"

"Duka, likita."

"To ba sai an ɗibi jininsa ba. Ya tahi, ya dawo bayan sati biyu."

Daɗi ya kama Farida. Ta tuna yadda yake runtse ido in ya ga allura, ta ce a ranta yau ta hutar da shi. Da hannunta ta kai wa likita takardun ya sa hannu.

Motar Barmu ta biyo ta ƙofar asibiti don a karɓi magani. Farida ta fito da gudu, ta tsaya ɗan nesa saboda idon tsohuwa. Mansur na gidan gaba, ya leƙo da kai.

"Kai, Mushe, har kumatu ka yi."

"Kiwon Inna ne."

"Ka ci gaba haka, rigar angonci sai an ƙara mata yadi."

Ya ɗaga mata hannu. Zoben azurfar da ke yatsarsa ya nutse cikin nama. Ta gani, wallahi ta gani, ita da kanta ta gaya mani. Amma takarda uku na aljihunta suna cewa lahiya lau, ta ɗauka ƙiba ce.

Rana ta huɗu bai ɗauki salula ba. Da yamma ya aiko saƙo, wai barci ne ke damunsa.

Rana ta biyar da hantsi ya kira.

"Farida..."

Muryar ta yi nauyi kamar an jiƙa ta. Shaƙuwa na katse shi.

"Mi ya same ka?"

"Ba komai. Amai ne kaɗan. Takalmi ya ƙi shiga ƙafata... Ina son in ji muryarki ne kawai."

Ta miƙe tsaye.

"Mansur, yau ba budurwarka ke magana ba. Yaushe rabonka da bawali?"

"Haba, hasken..."

"Na haɗa ka da Allah. Yaushe?"



"Tun shekaranjiya babu ko ɗigo."

"Kafin nan fa? Kwanakin da kuke Tawa?"

"Kaɗan-kaɗan. Bai wuce cokali biyu ba, ja kamar shayi. Na zaci haka ake yi bayan aiki. Tunda kin ce fari tas..."

"Cokali biyu?"

"Ko bai isa awo ba?"

Farida ta juya ta dubi dakalin taga. Kwalba uku aka tura mata a wurin nan. Kowace cike take har wuya, garau kamar ruwan rijiya.

Salular ta suɓuce daga hannunta.

Yadda ta shiga wurin likita, yadda aka ba ta ambilans, motar ɗaukar marar lahiya, ita ma ba ta iya tunawa. Ta dai san rana na tsakiyar kai suka shiga Barmu, ta san ta diro tun mota ba ta gama tsayawa ba.

Ta same shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Fuska ta kumbura har ido ya ƙanƙance. Uwarsa na yi masa fifita, Zahara na zaune gefe da kwanon kunu. Farida ta yi sallama, ba ta jira amsa ba, ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da babban yatsa. Ta ɗaga hannu. Ramin ya zauna bai ciko ba.

Ta juyo a durƙushen.

"Inna, kwalaben nan uku... na wa ne?"

"Na wa za su zama?"

"Wanda bai cika cokali ba, ba ya cika kwalba. Ba faɗa na zo ba, Inna. Don girman Allah, na wa ne?"

Mafici ya tsaya a hannun tsohuwar. Ta dubi ɗanta. Ta dubi ramin da yatsa ya bari a ƙafarsa.

"Nawa ne."

Mansur ya buɗe ido.

"Inna?"

"Nasa na haƙa rami na rufe da hannuna, bayan ɗaki, inda ba mai gani." Ta ajiye mafici. "An ce mani macen da ta samu bawalin namiji ta gama da shi, sai yadda ta juya. Da farce ma ana yi, da gashin kai, balle wanga. Kuma da ƙafata zan kai miki? Na ce to, in da abin da za ki yi, ga nawa, ya faɗa kaina. Ni tsohuwa ce, mi ya rage mani? Biyar na binne, yarinya. Biyar."

"Wa ya ce miki haka?"

Tsohuwar ta juya ido ta dubi ɗiyar ƙanenta. Zahara ta ajiye kwano.

"Ni ban ce ki canza ba, Gwaggo. Cewa na yi ki yi hattara."

Ta tashi ta shige ɗaki. Babu wanda ya bi ta da kallo.

"Amma ba ke kika ce fari tas ba?" Inna Raƙiya ta kamo gefen farar rigar Farida, karo na farko da ta taɓa ta. "Kullum kina cewa fari tas. Bawali ai bawali ne, uwa da ɗa jini ɗaya ne..."

"Naki ne fari, Inna."

Maganar ta fito a hankali, amma tsohuwar ta dafe ƙirji kamar an jefe ta da dutse.

Aka ɗauke shi. A mota kansa na cinyar uwarsa, hannunsa na hannun Farida, babu wadda ta hana wata. Hanya duk duwatsu. Duk ramin da aka faɗa sai su biyun su ce sannu tare.

Kafin la'asar suka shigo da shi ɗakinmu, gadon da ke kusa da nawa. Farida da kanta ta ɗaure masa hannu don ɗibar jini. Ya zuba wa allurar ido har ta shiga.

"Kin gani? Yau ban ji tsoro ba."

"Na gani, jarumina."

Da sakamako ya fito, likita ya ja ta gefe, amma kunnen ɗan kokowa ba ya tsufa. Gishirin da ƙoda ta kasa fitarwa ya taru a jini, kuma zuciya yake bugu. Da an gane tun ranar farko, irin abin da aka yi mani za a yi masa. Yanzu sai injin wankin jini, in zuciyar ta jira. Suka shiga ɗura masa magani, ana ta kai da kawo, ana buga salula.

Mansur ya yafito ta.

"Zauna nan."

Ta zauna a bakin gado. Uwarsa na ƙasa a tabarma, ta haɗa kai da gwiwa.

"Kada ki riƙe Inna a zuci."

"Yi shiru, ka huta."

"Nima da laifina. Sau nawa kika tambaye ni? Na ce ina ni ina gaya wa amaryata irin wannan magana..." Shaƙuwa ta katse shi. "Kunya ce, Farida. Na so ki riƙa ganina da tsabta."

"Ni ce na ga hannunka ya kumbura na ce ƙiba. Ni ce na hana a ɗibi jini. Ni..."

"Ke kin hutar da ni allura ɗaya. Na gode."

Hawayenta ya ɗiga a bayan hannunsa.

"Zuciyar ta yi kyau fa," ya ce. "Sun iya aiki. Kwana biyu na ji yadda mutane ke numfashi. Na so in kawo miki ita gida sabuwa."

"Za ka kawo. Ga tudu na jiranmu."

"Ki hau ki gaya mani... in ana hango Barmu daga can."

Ya juya ido yana neman uwarsa.

"Inna, taso."

Ta taso da rarrafe. Ya kama hannunta ya so ya ɗora a kan na Farida, ƙarfin ya ƙare masa a tsakani, hannayen biyu suka tsaya kusa da juna, ba su haɗu ba. Na ga idonsa ya fara juyawa. Na zare ƙafata daga gado, da tiyon ruwa da komai, na sunkuya a kunnensa ina laƙƙana masa kalmar shahada. Ya amsa sau ɗaya, sarai.

Ana kiran la'asar ya cika.

Na ga mutuwa iri-iri, ta yunwa, ta hanya, ta tsufa. Ban taɓa ganin wadda mata biyu suka taru suka kare mutum da dukan ƙarfinsu har ya suɓuce a tsakaninsu ba, sai ranar.

Farida ba ta da takaba, don ba a ɗaura ba. Ba ta da tabarma a gidan makoki, ba wanda ya zo ya ce mata ya haƙuri. Atamfar da ta saya tana nan a leda. Kwana uku da rasuwarsa ta koma labo, ta sa farar riga, tana karɓar kwalabe. Sai dai ta daina karɓa daga hannun ɗan aike. Mai abu ya zo da kansa, namiji ne ko mace, ta dube shi cikin ido ta yi masa tambayar da ake jin kunya. Wasu suka ce 'yar Maraɗin nan ta fitsare. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa.

Bayan sadakar arba'in na koma a duba ni. Ƙodata ta miƙe garau, likita ma ya ce bai ga irina ba. Ina zaune a bencin nan dai, sai ga Inna Raƙiya ita kaɗai, ta tsufa shekara goma a kwana arba'in. Ta tsaya a taga.

"Sannu da aiki," ta ce.

Farida ta ɗago. Biro ya tsaya a hannunta.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya haƙuri?"

"Kwana uku abina na hannunki. Kullum in na kwanta sai in ce yau zan ji sauyi a jikina, yau hankalina zai juya. Ban ji komai ba. Har yau ban ji komai ba." Ta dafa dakalin da hannu biyu. "Na zo ki yi mani abin da na ji tsoro. In ba ki iya ba, ki tsine mani. Ki ce wani abu, yarinya. Mutanen Barmu sai haƙuri suke ba ni, wai kwana ne ya ƙare. Ke kaɗai kika san abin da na yi."

Farida ta jawo aljihun teburi. Ta fiddo takardu uku, sun yi laushi don yawan buɗewa. Ta shimfiɗa su. A kan kowace akwai sunan da ta rubuta kamar zanen lalle.

"Sunanki cikakke, Inna?"

"Raƙiya Almustafa."

Ta ja layi a kan sunansa. Layin ya karkace. Ta ja na biyu. A na uku sai da ta tsaya ta share ido, sannan ta ja. Ta rubuta sabon suna a saman kowace.

"Bai kamata takarda ta zauna da sunan da ba na mai ita ba. Naki ne."

"Ban iya karatu ba. Mi ta ce?"

"Ta ce ƙodarki lahiya lau, kamar ta yarinya. In Allah ya so za ki daɗe, Inna."



"In daɗe... in yi mi?"

Farida ta miƙo hannu biyu ta taga, yadda ta yi ranar farko, takardun na kan tafinta.

Tsohuwar ta dubi hannun. Ba ta ɗauki takardu ba. Hannun ta kama, duka biyun, ta kifa fuskarta a ciki, takardun suka zube ƙasa.

"Ya ce kada in riƙe ki," Farida ta ce da ƙyar. "Ina ƙoƙari, Inna. Wallahi ina ƙoƙari. Ban gama ba."

"Kada ki gama da wuri, ɗiyata."

Iska ta fara jan takardun zuwa tsakar asibiti. Babu wadda ta saki hannun wata don ta bi su. Sai ni na tashi.

Na ce muku shekara goma sha ɗaya gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba, kuma gaskiya ne, ku tambayi duk wanda ya san Adar. Ranar nan na durƙusa a kan duka biyun na tsince takardu uku, na daɗe a wurin ban iya tashi ba.